Dangwalin Dikko

Shafi na 19

Masu aiko mini da “ina ci gaba”, girbi nake yi, ba barci ba. Ga shi. Wanda bai karanta na baya ba, zai gane a hanya.

Azahar ta gota lokacin da babur ɗin Nasiru ya tsaya a bakin rugar Dikko, gabas da Maruda.

Mamman ya sauko da ƙyar. Gwiwoyinsa sun ƙage tun daga Kalgo, amma bai bar ɗansa ya riƙe shi ba. Buhun da ya rungumo tun safe ma bai miƙa wa kowa ba.

A bayansu ɗan kabu-kabu ya sauke Malam Usman, wanda suka biya Gwandu suka ɗauko. Cikin mutum huɗu da suka shaida alkawarin, shi kaɗai ya rage a duniya.

Alkawarin ba shi da tsawo. Shekara talatin da ɗaya ke nan. In an gama girbi, shanun Dikko su shiga gonar Mamman da ke bakin Kalgo, su ci kara, su sha a rijiya, su kwana a ciki har ruwan farko. Mamman ya samu taki. Mamman ba zai kange gonar ba, Dikko ba zai kai shanunsa gonar wani ba. Da baki biyu aka ɗaura, sai da baki biyu za a kwance.

Shaidarsa kuwa dangwali ne, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Duk shekara in Dikko zai koma gida sai ya bar shi a rumbun Mamman. In ya dawo ya same shi a nan. Dangwalin bai taɓa zuwa Maruda ba.

Yau yana cikin buhu.

Tun sati uku da suka wuce Mamman ya dangwala yatsa a takardar Abdulhakeem, mai ginin da zai yi ɗakunan haya na ’yan jami’a a gonar. Gari ya riga ya kewaye ta. Ƙarfin noma ya ƙare masa. Nasiru ya matsa, shi kuma ya gaji. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa ɗansa, har sau uku: kada a taɓa gawon da ke kusurwar gabas. Bai faɗi dalili ba.

Abin da ya rage shi ne bakin Dikko.

Dikko na zaune a kan buzu a inuwar bukka, sandarsa a gefe. Ya rame. Bai yi saurin tashi ba.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam. Kaɗo, kai ne da rana tsaka?”

“Ni ne, Bahillace. Ko ka zaci na mutu?”

“Da ka mutu da na ji. Irinku ba ku mutuwa shiru.”

Suka yi dariya gajeriya. Ba ta kai ciki ba.

Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, gida, iyali, gajiya, ruwan bana. Dikko ya riƙe hannun Malam Usman ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi buhun, ya ɗauke kai.

Ladi, matar Dikko, ta kawo ƙwarya rufe da faifai. Ta durƙusa ta gaishe su, ta koma bukka.

Mamman ya ɗaga faifan.

Fura ce, an dama da ruwa da tsamiya. Babu nono.

Shekara talatin da ɗaya yana shan fura a hannun matar nan, ludayi na tsayawa a ciki don kauri. Yau yana hango gindin ƙwarya.

Ya ce a ransa, Dikko ya ji labari ke nan. Wannan zagi ne aka dama mini.

Ya mayar da faifan. Ya ture ƙwaryar gefe.

Dikko ya gani.

“Bana kara ya yi kyau?” in ji Dikko.

“Ya yi.”

“Rijiya fa?”

“Tana nan.”

“To madalla.”



Wayar Nasiru ta yi ruri a aljihu. Ya danne ta.

Mamman ya gyara zama. Tun a hanya ya shirya maganarsa.

“Dikko, hanya ta lalace. Gidaje sun cinye burtali. Kwana uku kana bin shanu a ƙasa, ga shekaru. Na ce ko tafiyar ta fara yi maka nauyi.”

“Na ce maka ta yi mini nauyi?”

“Ba ka ce ba.”

“To.”

“Ina nufin in ka ga ba ka iyawa, ka faɗi. Ba ni riƙe ka.”

“Allah sarki. Ka taso tun daga Kalgo da gwiwar nan don ka tausaya mini.” Dikko ya ɗan karkata kai. “Kai fa? In shanu sun yi wa gonarka yawa, ka faɗi. Ni ma ba ni riƙe ka.”

“Ban ce sun yi yawa ba.”

“To.”

Malam Usman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya san abin da ake yi. A irin wannan alkawari, wanda ya fara cewa “sake ni” shi ne ya gaza. Ɗayan shi ne ya yi alheri. Haka za a faɗa a kasuwar Gwandu, haka za a faɗa a Kalgo, haka jikoki za su ji. Tsofaffin nan biyu kowanne ya gwammace ya kwana a tabarmar nan da ya riga faɗa.

Nasiru ya dubi rana. Shekararsa arba’in, yana da shago a bakin titi, bai saba zaman shiru ba.

Ya zaro takarda daga aljihun gaba.

“Baffa, don Allah ka yi haƙuri, in taƙaita. Lauyan mai ginin ne ya ce a kawo wagga. Ba wani abu ba ne. Ka sa yatsa nan, cewa ba ka da sauran magana bisa gonar. Shi ke nan, mu kama hanya.”

Mamman ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a wuya.

Dikko bai dubi takardar ba. Bai dubi Nasiru ba.

“Mamman, da kai nike magana ko da ɗanka?”

“Mayar da ita,” in ji Mamman.

“Baba, ai dole sai an…”

“Na ce mayar da ita!”

Nasiru ya ninke takardar.

Dikko ya jawo sandarsa ya ɗora a cinya.

“Ni na ba ka dangwali, kai ka tafi ka dangwala.”

Ba wanda ya yi dariya.

“Wa ya faɗa maka?”

“Ba kowa. Ƙafata ta faɗa mini. Ran Lahadi waccan na je Kalgo duba kara, kamar yadda nike yi duk shekara. Na iske bulo. Na iske yashi an zube daidai inda nike kafa turke. Na je rijiya in sha ruwa, wani mai gadi ya taso ya ce, Malam, nan ba hanya ba ce.”

Mamman ya rufe ido.

“Rijiyar da ni da kai munka yashe sau shida. Nan ba hanya ba ce.”

“Mi ya hana ka shigo gida?”

“Ƙofarka ba ta kai taku ɗari biyu ba. Na tsaya na dube ta. Na ce bari in ga ko mai gidan zai zo da kansa, ko aike zai yi.”

“Ga ni na zo.”

“Ka zo. Bayan an zube bulo. Da takarda.”

Kunya ta hau wa Mamman kai, ta juye ta zama fushi. Haka yake tun yana saurayi.

“To tunda ka sani, mi kake jira? Koro su! Koro shanunka gobe. Ni da hannuna zan kwashe bulon. Ni Mamman ban taɓa cin alkawarin kowa ba, ba kuma a kanka zan fara ba!”

“Baba!”

“Yi mini shiru! Koro su, Dikko. In ga wanda zai ce musu nan ba hanya ba ce.”

Ya san ƙarya yake. Ya san bulo ko ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. Amma ya faɗa, kuma ya kafe ido.

Dikko ya daɗe yana kallonsa.

“Waɗanne shanu?”

“Kamar yaya waɗanne?”

“Dubi rugar nan, Mamman. Kai manomi ne, abin da ka sani a jikin saniya kashinta ne. To dubi ƙasa.”

Mamman ya duba.

Turaku na tsaye a fili. Ba maraƙi ko ɗaya. Kashin da ke wurin duk tsoho ne, ya yi fari, ya farfashe. Ko ƙuda babu. Tun da ya sauka daga babur hancinsa ke neman wani wari bai samu ba, sai yanzu ya gane.

“Sun tafi kiwo,” in ji shi. Muryarsa ta sauka.

“Saniyata, wane kunne ke da tsaga?”

“Mi?”

“Shekara talatin da ɗaya tana kwana gonarka. Wane kunne?”

Mamman ya laluba a ransa. Fari, ja, ƙaho, tozo. Kunne bai zo ba.

“Dama,” in ji shi.

“Hagu. Tsaga biyu a hagu. Ta ubana ce, ta kakana ce.” Dikko ya ɗaga yatsu biyu, ya sauke. “Shanun da sunka kwana gonarka shekara huɗun nan, tsaga ɗaya ce a dama. Na Jaɓɓi ne, mijin ɗiyata.”

Carbin Malam Usman ya tsaya.

“Ciwon huhu ya ɗauki rabi. Ɓarayi sunka kore saura da rana tsaka, a gaban ɗana. Bakwai sunka rage, munka ci su ɗaya bayan ɗaya. Duk kaka sai in tafi gidan yaron da na ba ɗiya, in cire takalmi, in ce ya ara mini garke wata biyar. Ni ke kiwo, ni ke tatsa, nonon a kai masa. Ni Dikko.”

“Ba ka faɗa mini ba.”

“Bara ka tsaya bakin rijiya, ka dafa kafaɗata, ka ce, Bahillace, garkenka ya yi albarka. Ka tuna mi na ce?”

“Ka ce alhamdu lillahi.”

“Na ce alhamdu lillahi. Na koma na zauna, abinci bai shiga ba ranar.”

Ya nuna ƙwaryar da sanda.

“Ka ture furar Ladi. Ka zaci wulaƙanci ne. Nonon da ke gidan nan ke nan ka gani, Kaɗo. Babu.”

Mamman ya dubi ƙwaryar. Ya miƙa hannu ya jawo ta. Ya buɗe, ya kafa kai, bai nemi ludayi ba. Tsami ya kama masa muƙamuƙi. Sai da ya shanye ya ajiye.

“Bana fa?” ya ce.

“Bana Jaɓɓi ya yi kudu da garkensa. Bai ko yi mini sallama ba. Da na je Kalgo ran Lahadi, ban san abin da zan koro ba. Na je dai.”

“Kenan da na yi shiru a gida…”

“Da ka yi shiru, da ni ne zan gaza. Ka yi gaggawa.”

Nasiru ya saki ajiyar zuciya.

“To ai shi ke nan, Baffa. Ba shanu, ba gona. Magana ta ƙare da kanta.”

“Magana ba ta ƙarewa da kanta,” in ji Malam Usman. “Sai an ƙare ta. Zauna.”

Wayar ta sake ruri. Nasiru ya duba, ya kife ta a tabarma.

Mamman bai ji ba. Idonsa na kan Dikko.

“Shekara huɗu. Da ka faɗa mini, a ranar zan sake ka.”

“Shi ya sa ban faɗa ba.”

“Don taki? Taki ya sa ka cire takalmi a ƙofar surukinka? An ce maka gonata ba ta yi sai da kashin shanunka?”

Dikko ya juya fuska wajen daji.



A nan Mamman ya gane. Abin ya sauko masa a ƙirji kamar dutse.

Ranin farko ne, kafin a yi alkawari. Dikko, Bafillace matashi a lokacin, ya sauka a gefen gonar Mamman da shanu. Ƙyanda ta shiga bukkarsa ta ɗauki ɗansa na fari, ɗan shekara biyar. Baƙo ne, bai san kowa ba. Mamman ne ya haƙa ramin a gindin gawo. Tulunan matarsa Fatsuma biyu ya fasa aka jera a kan gawar kafin a tura ƙasa. Malam Usman ya yi salla.

Dikko bai yi kuka ba. Bafillace ba ya kiran sunan ɗan fari yana raye, balle ya yi kukansa a gaban mutane. Abu ɗaya ya roƙa: kada a sa alama, kada a faɗa wa kowa. Mamman ya rantse.

Bayan kwana bakwai Dikko ya zo da maganar kara da taki.

Duk shekara a gindin gawon yake kafa dangwali. A nan yake shimfiɗa buzunsa wata biyar. Mamman ya sha yi masa tsiya, wai inuwar gawo ta fi bukkar Ladi daɗi.

Mutum mai shanu yana da dalilin kwana a gonar wani. Mutumin da ba shi da su, mi zai ce ya zo yi?

Mamman ya dubi yatsansa na dama. Shuɗin tawadar ya daɗe da fita, amma yana ganinsa.

Ya jawo buhun. Ya kwance bakinsa. Ya fito da dangwalin, ya yi baƙi don tsufa da man hannu, an yi masa ƙari wuri uku. Ya ajiye a tsakaninsu.

“Malam, ka shaida.”

“Ina ji.”

“Ni na fara sa hannu a takarda ban nemi bakinsa ba. Ni na gaza.” Ya juya wajen Dikko. “Dikko, sake ni.”

Nasiru ya ɗago kai da sauri. Tun da aka haife shi bai taɓa jin ubansa ya roƙi wani abu a wurin mutum ba.

Dikko bai yi murna ba. Fuskarsa ta ƙara tsufa.

“Ka riga ni.”

“Na riga ka. A faɗa a kasuwa.”

“Ba mai faɗa.”

“Za a faɗa. Ni zan faɗa.”

Malam Usman ya matso. Ya ɗauki bakin igiyar ɗaya ya ba Mamman, ɗayan ya ba Dikko.

“Yadda anka ɗaura haka za a kwance. Dikko, faɗi abin da ka saki, ɗaya ɗaya, kunne ya ji.”

“Kara, na saki.”

“Na ji.”

“Rijiya, na saki.”

“Na ji.”

“Makwancin shanu, na saki. Ya kange, ya gina, ya yi abin da ya ga dama.”

“Da saura?” in ji Malam Usman.

Dikko ya murza igiyar a hannunsa. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

“Gawo fa?”

“Gawo na nan,” in ji Mamman. “Ba ya cikin abin da na bayar. Sau uku na faɗa wa wanga. Ko ba haka ba, Nasiru?”

Nasiru ya motsa baki.

“Ka faɗa, Baba.”

“Ka ji. Wallahi, Dikko, gawo na tsaye, kuma muddin ina numfashi ba mai taɓa shi. Duk ranar da ka so ka zo ka shimfiɗa buzunka. Ba sai da shanu ba. Wanda ya ce maka nan ba hanya ba ce, ni da shi.”

“Ka rantse.”

“Na rantse.”

“To bisa wannan, na sake ka, Mamman. Duniya da lahira.” Ya ja numfashi. “Ni ma taki ya fi ƙarfina. Sake ni.”

“Na sake ka. Duniya da lahira.”

“Saki igiya,” in ji Malam Usman.

Mamman ya buɗe hannu. Bakin dangwalin ya faɗi a tabarma. Dikko ya naɗe shi a hankali, gwiwar hannu zuwa tafi, yadda yake yi duk ƙarshen rani.

Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha. Aka shafa.

Ba wanda ya ce madalla.

Mamman ya ji hannunsa wayam. Ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya cusa a aljihu.

“Ka huta, Bahillace,” in ji shi. “Ba sauran tafiyar kwana uku.”

“Kai ma ka huta. ’Yan boko za su ba ka taki.”

Malam Usman ya juya wajen Nasiru.

“Kai, matso. Ubanka ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba, ni ban yi ba. Mu ukun nan ba mu da sauran nisa, kai za ka gaji ƙasar. Dikko, ka yi mini izini?”

Dikko bai ce e ba, bai ce a’a ba. Ya ci gaba da shafa igiyarsa.

“Gawon da ubanka ke ce maka kada a taɓa, ba don ’ya’yansa da shanu ke ci ba ne. Kabari ne a gindinsa. Ɗan Dikko na fari. Ni na yi masa salla.”

Nasiru bai motsa ba.

“Ka ji ni?”

“Kabari?”

“Kabari.”

Jinin fuskar Nasiru ya janye. Ya dubi ubansa, ya dubi wayar da ke kife a tabarma.

Mamman ya san ɗansa. Haka ya yi da fuska ranar da ya bar akuya ta faɗa rijiya yana ƙarami.

“Nasiru.”

“Baba, ba ka ce kabari ba ne.”

“Na ce kada a taɓa.”

“Ka ce kada a taɓa, amma ba ka ce… Na zaci don shanu ne. Na ce tunda shanu sun daina zuwa, mi gawo zai yi?”

“Mi ka yi?”

“Injiniya ya ce saiwarsa za ta fasa gini. Ya ce kusurwar nan ce kaɗai ta dace da…”

“Mi ka yi, na ce!”

“Na ce su bari sai mun fita gari.”

Mamman ya ji ƙasa ta karkata. Shi ya sa yaron nan ya matsa a fito tun da sassafe. Shi ya sa ya ce a zauna a huta a Gwandu, ba gaggawa.

“Ina rantsuwa kana zaune. Ina cewa wallahi kana ji.”

“Na so in yi magana, Baba. Na ce in an gama sai in lallashe ka a gida. Itace ne, na ce itace ne kawai…”

Wayar ta yi ruri karo na uku.

Ba wanda ya taɓa ta.

“Ɗauka,” in ji Mamman.

“Baba, bari in matsa can in…”

“Ɗauka nan. Buɗe murya kowa ya ji.”

Nasiru ya juya wayar. Sunan Abdulhakeem ne. Ya danna.

“Haba Nasiru, tun ɗazu nake kiranka! Kana jina?”

“Ina ji.”

“Itacen ya faɗi tun da hantsi, wannan ba matsala, har an fara daddatsa shi. Amma masu haƙa ramin masai sun tsaya mini. Sun kai ƙugu sai suka iske fasassun tuluna a jere. Babbansu ya leƙa, ya ajiye diga, ya ce shi ba ya ƙara sara ko ɗaya. Duk sun fito sun yi cirko-cirko. Wai mene ne a wurin nan?”

Nasiru ya dubi ubansa.

“Nasiru? Ka tambayi tsohon mana. Mene ne a wurin?”

“Hammadi.”

Dikko ne ya faɗa. Bai ɗaga murya ba.

Shekara talatin da ɗaya Mamman bai taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ko ranar da aka binne shi, “yaron” ya ce.

“Sunansa Hammadi.”

A cikin bukka wani abu ya faɗi ya fashe. Sai muryar Ladi, siririya, kamar ta wadda aka danne wa baki.

“Wa ke magana?” in ji wayar. “Nasiru, wa ke nan?”

Malam Usman ya miƙa hannu ya kife ta.

Mamman ya so ya tashi, gwiwa ta ƙi. Ya so ya ce wani abu, ya tarar duk kalmomin da yake da su ya riga ya kashe su a rantsuwa.

“Dikko…”

“Kada ka kira ni.”

Dikko ya dogara sanda ya miƙe. Ya tsaya a kansu, dogo, busasshe. Ya warware dangwalin da ya naɗe yanzu-yanzu. Ya riƙe baki ɗaya. Ɗaya bakin ya jefa, ya faɗi a cinyar Mamman.

“Malam Usman.”

“Na’am.”

“Kai ka shaida ɗauri, kai ka shaida saki. Na ce bisa gawo na sake shi. Ka ji ko ba ka ji ba?”

“Na ji.”

“Lokacin da ya rantse gawo na tsaye, gawo na ƙasa tun hantsi.”

“Bai sani ba, Dikko.”

“Ban tambaye ka abin da ya sani ba.” Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma ba hawaye. “Sakin da anka yi bisa abin da babu shi, saki ne?”

Nasiru ya dafe aljihun da takardar ke ciki.

Mamman ya dubi bakin igiyar a cinyarsa. Bai ɗauka ba. Bai ture ba.

Malam Usman ya ajiye carbinsa a tabarma. Hukunci yanzu na bakinsa.